An Ari Bakin Maigadi

Ni dai ba na son biri, gara in faɗa tun yanzu. Shekarun da na yi ina sayar da ruwan sanyi da biskit a ɗan shagona na bakin ƙofar cibiyar kare namun daji, babu abin da na gani a wurin birai sai sata da rashin kunya. Ka juya ka ba yaro canji, sun zari fakiti guda sun haye rufin kwano, suna ci suna jefo maka ledar a ka. Ƙanwata ce ta samo mini wurin, ita kuwa da za a tsaga ƙirjinta, biri za a tarar a zaune.

Cibiyar ba wata babba ba ce. Ofis ne mai ɗaki uku, da zauren da ake tara 'yan makaranta, sai ragowar kurmi a baya, wanda gari ya ci ya rage. Ta gabas kwalta ce, manyan motoci ba sa hutawa a kanta. Ta yamma jujin gari ne, kullum yana hayaƙi, kullum yana matsowa. Shingen waya ya zagaye bishiyoyin, a ciki garken birai guda ke zaune, iyaye da 'ya'ya da jikoki.

Aikin ƙanwata shi ne ta koya wa yara cewa birin nan da suke harbi da danƙo yana magana. Shi ya sa ma'aikata suka sa mata Tafinta. Sunan ya bi ta har gida, Innarmu in tana jin tsokana sai ta ce, "Ina Tafinta? Zo ki gaya mini abin da kazar nan take cewa, tun safe take zagina."

A cikin garken akwai wani tsohon namiji, gashin fuskarsa ya yi fari, yatsa guda na hannunsa ya guntule. Shi ake kira Maigadi. In an zuba musu 'ya'yan itace a filin da ke gaban bencin baƙi, kowa zai sauko yana wawa, shi sai ya haye can ƙololuwar bishiyar da ta fi tsawo ya zauna yana dube-dube. Sai an gama yake saukowa ya ci ragowa. Shi kaɗai ne ban taɓa kamawa da biskit ɗina ba, don haka ko ni ina ɗan raga masa.

Kukansa iri uku ne, Tafinta ta sa na haddace su ba da son raina ba. In ya hango abin da ke tafiya a ƙasa, kare ko makamancinsa, sai ya yi wani haushi mai kauri, gajere-gajere, nan take kowa ya haye sama. In shaho ne, wani abu yake yi kamar tari, sai su faɗa cikin duhuwa su laɓe. In maciji ne, ƙara ce siririya, su miƙe a kan ƙafa biyu suna leƙen ciyawa. Uwa mai goyo ba ta tsayawa ta duba ko gaskiya ne. In Maigadi ya faɗa, an gama.

Ta yi watanni tana zama a gindin bishiya da na'urar ɗaukar murya, sauro yana cin ta. Ta ɗauki muryar birai da yawa, amma duk ƙarar motocin kwalta ta ɓata su. Ta Maigadi ce kaɗai ta fito tas, don shi daga sama yake magana, kuma Allah ya ba shi maƙogwaro. Mijinta mai gyaran rediyo ne, muna kiransa Injiniya. Shi ya zauna a tsakar gida ya haɗa mata lasifika a cikin ɗan akwatin katako, ya sa batir, ya sa igiyar ratayawa. Ranar da ya gama ya kunna, karen maƙwabta ya yi ta haushi har yamma, Injiniya kuwa kai ya kumbura.

Da akwatin nan take shiga makarantu. Ta kunna kuka ta ce, "Wa zai gaya mini me ya ce?" Yara su yi ta canka, ta fassara musu, ta sa su kwaikwaya. Kuma abin ya yi aiki, ba zan rage mata ba. Na ga yaran da da suke zagayowa bayan shinge suna harbin birai sun zo da kansu sun zuba danƙonsu a jakarta. Wata uwa ta zo shagona tana ƙorafi wai ɗanta ya hana ubansa kafa tarko a bayan gida, ya ce birin yana da iyali.

Da a nan aka tsaya, da ban da labarin da zan ba ku.

Wata rana wani hedimasta ya kawo ɗalibansa, mutum ne mai son gardama. Ta kunna musu kukan a zaure, ya harɗe hannu ya ce, "Malama, wannan ai ke ce kika ce haka yake nufi. Mu ina muka sani? Ga birai can, ki gwada mu gani."

Ƙanwata ba ta son a ƙaryata ta, tun tana yarinya haka take. Ta rataya akwati, yara suka bi ta har benci. Birai na ƙasa suna ci. Ta ɓoye lasifikar a cikin ciyawa, ta danna haushin Maigadi mai nufin kare. Kafin ƙiftawar ido filin ya zama wayam, sai ɓawon ayaba da reshe yana kaɗawa. Yara suka ɓarke da ihu da tafi, hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni ma ina tsaye a baya na yi dariya, musamman da na ga Maigadi a can sama yana waige-waige, yana neman wanda ya yi magana da bakinsa.

Labari ya bazu. Duk makarantar da ta zo, abin da take tambaya ke nan tun daga ƙofa: "Za a sa su gudu?" Manajan cibiyar, wanda da yake hamma a ofis, ya sa aka rubuta a allon ƙofa. Safe a kunna, rana a kunna, in baƙi manya sun zo a ƙara musu sau biyu don su ɗauki hoto. Ruwana ma yana ƙarewa tun kafin yamma, ban ga laifin kowa ba.

A hankali birai suka fara nawa. Da farko manya ne suka rage sauri, su haye reshen farko su tsaya suna tauna. Sannan sai ƙananan kawai ke gudu. Manaja ya ce batir ne. Injiniya ya sauya batir, ya ƙara wa akwatin ƙarfi har yana girgiza ciyawa. Ya yi aiki kwana kaɗan. Daga baya ta kai ana kunnawa wasu ko kai ba sa ɗagawa, yara su ce, "Malama, yau ba su ji ba." Manaja ya ce an cika musu ciki ne, a rage abincin safe.

Wata la'asar babu baƙi, ina jera kwalabe, sai na ji haushin nan daga kurmi. Na ɗauka gwaji Tafinta take yi. Can sai ga ta ta taho, babu akwati a kafaɗarta, ta zauna a kan kujerar shagona ba ta ce in ba ta wuri ba.

"Yaya, kin ji?"

"Na ji mana. Kin ƙara masa ƙarfi ne?"

"Ba ni ba ce. Shi ne da bakinsa. Kare ne ya zo bakin shinge, ina kallonsa. Maigadi ya yi ta faɗa har jikinsa na rawa." Ta juya ta kalli kurmin. "Ko ɗaya bai motsa ba, Yaya. Wata tana cire wa ɗanta ƙwarƙwata, ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da abinta."

Na ce to ai karen bai shigo ba.

"Sau nawa suka ji muryarsa ta ce kare, suka gudu, babu kare? Ba kukan suka daina ji ba, shi suka daina yarda da shi. Na mai da shi maƙaryaci a cikin danginsa."

Na buɗe mata ruwa. Ta riƙe kwalbar har sanyinta ya fita ba ta sha ba.

Washegari ta shiga ofishin Manaja, ina jiyo su ta taga. Ta ce ba za ta ƙara kunna muryar a kurmi ba, a zaure kawai. Ya ce makarantu sun riga sun sa rana. Ta ce su zo, za ta koya musu kamar da. Ya ce, "Malama, yara ba wa'azi suke zuwa ji ba, gudun biri suke zuwa gani." Ta ce, "Yallaɓai, ai ba sa ma gudun." Wannan kam ya gani da idonsa. Ta fito ta tura akwatin ƙarƙashin kantata, bayan katan ɗin biskit, ta ce ko wa ya tambaya in ce ban gani ba.

Fatanta shi ne in aka daina, a hankali za su manta, su koma yarda da shi. Kullum da safe sai ta je ta zauna a benci tana jira. Shaho ya gifta, Maigadi ya yi tarinsa, wata ƙaramar mace ta yi tarin ita ma, suka watse. Ta dawo da murna. Bayan kwana biyu shahon ya sake giftawa, wannan karon shi kaɗai ya gani, shi kaɗai ya faɗa, babu wanda ya kula. Murnar ta koma ciki.

Juji kuwa yana ta matsowa, karnukansa suna ta haihuwa. Ba irin karnukan gida ba ne, waɗannan ba su san sunan kowa ba, garke suke yawo. Suka fara tona ƙarƙashin shinge. Ta kai ƙara ofis, aka ce an rubuta wa na sama. Ranakun hutu ita da Injiniya suke zagaya shingen da guduma da guntayen ƙarfe, su toshe nan, a tone can. Ya daina yi mata zancen akwatinsa. A gida ta rage ci, Innarmu ta ce, "Ke a kan biri za ki kashe kanki? 'Ya'yanki na nan ba ki rame dominsu ba." Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, rana tas. Wata makarantar firamare ta zo, ƙananan yara cikin fararen riguna, an jera su a benci. Na kai musu ruwa a bokiti, shi ya sa nake wurin. Birai na ƙasa gaba ɗaya, an zuba musu mangwaro. Tafinta na nuna wa yara yadda uwa ke goya ɗanta a ciki maimakon a baya.

Sai Maigadi ya fara haushi.

Yara suka yi tsalle suna tafi. "Ga shi nan! An kunna! An kunna!" Wasu suka duƙa suna neman lasifika a cikin ciyawa, don yayyensu sun ba su labari. Malamarsu ta yi murmushi ta ce, "Ashe dai za ki yi mana, aka ce an daina." Ƙanwata ta dube ni. Na san abin da take tambaya, akwatin yana ƙarƙashin kantata, makullin shago yana ɗaure a gefen zanina.

Ta juya wajen birai ta daka musu tsawa da bakin mutane, "Ku tashi! Ku hau!" Sun saba da hayaniyarmu, suka ɗan matsa gefe da mangwaronsu. Maigadi yana sama yana girgiza reshe, muryarsa har tana tsagewa.

Karnukan ba su yi haushi ba. Daga cikin ciyawa suka fito, cikinsu a ƙasa, ta ɓangare biyu. Sai da na gaba ya cafki wani ɗan ƙarami sannan garken ya fashe. Manya suka kai bishiya. Waɗanda ba su kai ba ƙanana ne, da wata uwa da ta koma ɗauko nata. Na jefa bokitin ruwa, na jefa kwalabe, na jefa takalmina. Tafinta ta shiga tsakiyarsu da reshe tana duka tana ihu, ɗaya ya yage mata hannun riga har fata. Leburorin cibiyar suka iso da sanduna, karnukan suka ja abin da suka kama suka bi ta ramin da suka shigo.

Yaran ba su gudu ba, abin da har yau yake damuna ke nan. Suna zaune a benci, bakinsu a buɗe. Wata 'yar ƙarama ta ja zanin malamarsu ta ce, "Anti, wannan ma wasa ne?" Sai da aka kwashe su zuwa mota sannan kukan ya zo musu gaba ɗaya.

Da yamma aka zauna a zaure, Manaja da likitan dabbobi da Tafinta, hannunta a naɗe. Ni na kawo musu shayi na ƙi fita, babu wanda ya kore ni. Likitan mace ce mai magana a hankali, ba ta zargi kowa ba. Ta ce muddin Maigadi yana kan bishiyar nan, babu wani namiji da zai hau ya karɓi gadi, don wurinsa ne, suna tsoronsa ko da ba sa jin maganarsa. Garken yana da mai gadi, kuma ba shi da mai gadi. Sai an ɗauke shi, wani matashi ya hau, mai muryar da ba a taɓa ara ba.

"A ɗauke shi a kai shi ina?" in ji Tafinta.

"Keji. Ya tsufa, wani garken ba zai karɓe shi ba."

"Shi da bai yi komai ba."

"Na sani," in ji Likita. "Ki kawo wata dabara in bi ki."

Tafinta ba ta da ita. Kuma da yake Maigadi ba ya karɓar abu a hannun kowa sai nata, ita aka ba ayabar da aka cusa wa maganin barci. Ta jira har kowa ya ci ya tashi, ya sauko neman ragowa kamar kullum. Ta miƙa masa, ya karɓa da guntun hannun nan, ya ɓare a tsanake. Na koma shago, ban tsaya na ga faɗuwarsa ba.

Kejin yana kan ɗan tudu bayan ofis, kusa da shagona, daga nan ana hango filin ci da shingen yamma. Da ya farka bai yi hauka ba, bai ciji waya ba. Ya hau katakon da ya fi tsawo a ciki ya zauna, fuskarsa na kallon kurmi, ya ci gaba da aikinsa. Kare ya doso shinge, sai ya faɗa. Birai ba sa ji, amma mu muna ji. Da ya yi haushi, Tafinta da leburori su zari sanduna su ruga, ni in bi su da duwatsu. Sau da yawa haka muka tare su tun ba su gama tona ba. Manaja har ya ce ashe kejin ma ya yi rana. Na so in watsa masa ruwan zafi.

Wani matashin namiji ya fara hawa bishiyar, gaskiya ne. Amma yaro ne, yana ganin an zuba mangwaro sai ya manta da gadi ya sauko wawa. Likita ta ce a ba shi lokaci. Kafin lokacin ya zo, rayuwar garken tana bakin tsohon da ke cikin keji da ƙafafunmu.

Na lura da shi fiye da kowa, don ni ce maƙwabciyarsa. In ya yi haushi ba mu yake kallo ba. Muna rugawa, shi idonsa na kan danginsa, yana jiran ya ga ko ɗaya ya ɗaga kai. Su kuwa suna ta ci. In ya gama sai ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sauko ƙasa ya zauna a lungu. Da ina jin haushin birai ne kawai, wannan ya koya mini jin tausayinsu, kuma ban gode masa ba, don tausayin ya fi ciwo.

Haushin ya fara gajarta. Da yana yi har sai mun dawo, sai ya koma sau uku, sau biyu. Tafinta ta ce maƙogwaronsa ne, ta kawo masa zuma. Ya lashe zumar.

Wata azahar leburori sun tafi cin abinci, ita tana tsaye a gaban kejin tana sauya masa ruwa, ni ina ƙofar shago ina fifita. Na ga ya miƙe a kan katakonsa, ya kama wayar kejin da hannu biyu, gashin wuyansa ya tashi. Na bi inda yake kallo. Can ƙasan shinge ciyawa tana motsi, ba motsin iska ba. Birai na fili, matashin nan yana tsakiyarsu da mangwaro a baki.

Na jira haushin. Ƙirjinsa ya cika, bakinsa ya buɗe har na ga haƙoransa. Ya tsaya a haka yana kallon filin. Sannan ya rufe bakin.

"Tafinta," na ce, "dubi shinge."

Ta duba, ta juyo kansa. Ta kama wayar kejin tana girgizawa. "Faɗa mana! Don Allah faɗa, ka gan su ai! Ni na yarda da kai!"

Ya dube ta. Ya sauko daga katakon a hankali, irin saukowar tsofaffi, ya ɗauki guntun mangwaron da ya rage tun safe, ya juya wa kurmi baya ya zauna ya fara ci.

Ta saki wayar ta zari sanda ta ruga, ita kaɗai, tana gudu tana yin haushin da bakinta, wanda ta koya a wurinsa, gajere-gajere mai kauri. Ta iya shi sosai, ko ni da ban ga bakinta ba sai in rantse shi ne. Birai suka ji, babu wanda ya ɗaga kai.